Wa Ya San Inda Kake Kwana? Batun Rajistar Adireshi Daga Jamus Zuwa Agege



Kwanakin baya ɗan baffana ya tafi karatu Jamus. Kiran farko da ya yi mini, na zaci labarin sanyi zai ba ni, sai na ji yana cigiyar mai gidan da ya kama haya, wai zai sa masa hannu a takarda. Ashe a can doka ce, duk wanda ya tare a sabon gida, cikin kwana 14 sai ya je ofishin hukumar gari ya yi rajistar adireshinsa. Suna kiran abin Anmeldung. Da fasfo ake zuwa, da takardar shaidar mai gida cewa lallai a gidansa kake, wadda aka wajabta tun Nuwamban 2015. Wanda ya yi sakaci ana iya cin sa tara har Yuro 1,000. In an gama sai a ba ka 'yar takarda guda, kuma da ita ake buɗe sauran ƙofofi. Lambar haraji a wannan adireshin za a aiko maka, bankuna da yawa sai sun ga takardar, haka ofishin da ke ba baƙi izinin zama.

Na ce masa, to wannan ai sa ido ne a kan baƙi. Ya yi dariya, ya ce ranar da ya je, Bajamushe ne a gabansa a layi, shi ma ya sake gida ne ya zo sanarwa. Dokar ba ta ware ɗan ƙasa ba.

Da muka gama waya sai na tuna da Baba. Ya fi shekara 30 yana sauke shanu a Oko-Oba, a Agege aka haife mu, amma babu takarda ko ɗaya mai ɗauke da sunansa da lambar gidan da muke ciki. Haya muna biyan wani ne, shi kuma yana biyan mai gida. Takardar kuɗin wuta sunan wani tsoho ne da ya daɗe da rasuwa. Bara, gab da Babbar Sallah, wani banki ya taƙaita asusunsa, suka ce sai ya kawo shaidar inda yake zaune. Kuɗin mutane ne a ciki, masu shanu suna ta bugo waya daga Arewa. Kwana tara muka yi muna zirga-zirga. Wallahi ban taɓa ganin Baba ya ji kunya irin ta lokacin ba.

Na san dalilin da ya sa mutanenmu ke gudun rajista, kuma ba wauta ba ce. A 2014 an yi ta cece-kuce kan rahoton cewa za a yi wa 'yan Arewa mazauna jihar Imo rajista a ba su katin shaida, har maganar ta kai Majalisar Dattawa, gwamnatin jihar kuma ta musanta. Tsofaffinmu ba su manta da Gana ba, inda a 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su fice, mutanen zango da yawa suka bar gidaje da dukiya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

To ya za mu bambance? Ni ma'aunina ɗaya ne: wa aka ce ya shiga layi? In an ce 'yan Arewa kaɗai, mu ƙi, kuma doka na bayanmu. Sashe na 41 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama duk inda ya so a ƙasar, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini. Amma in layin na kowa ne, Bayarabe da Ibo da Bahaushe, to gudunsa kanmu muke cuta. A Legas akwai LASRRA, hukumar rajistar mazauna jihar da aka kafa da dokar 2011. Kowane mazauni take rubutawa, ko daga ina ya fito, kuma kyauta ne. Ku duba unguwarku, mutum nawa cikinmu ke da katin?

Abin da ke biyo baya mun san shi. Ranar da gobara ta tashi ko aka zo rusau, aka fara rubuta waɗanda suka yi asara, mai takarda shi ake saurara. Haka katin zaɓe. Da yawanmu rumfarsu tana can Kano ko Sakkwato, ba su mayar da ita nan ba. Kansilan da ba ka zaɓa, me zai sa ya kula da kwatar ƙofar gidanka?

'Yan uwanmu na Nijar kuwa lamarinsu ya fi namu tsauri. Mu baƙin jiha ne, su baƙin ƙasa. Tun 2019 hukumar shige da fice ta buɗe rajistar baƙin da suka wuce kwana 90 a Najeriya. Ga shi Nijar ta fita daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025. An dai ce zirga-zirga ta ci gaba kamar da har sai an sake sanarwa, amma wa zai jingina iyalinsa da "har sai an sake sanarwa"? Gara mutum ya gyara takardunsa tun ana zaman lafiya.

Shawarata ga sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa, su nemi a kawo masu rajista har cikin kara da bakin masallaci, tare da tafinta, don dattijon da bai ji Turanci ba ya san abin da yake dangwala wa yatsa. Mu kuma matasa da muka ɗan yi boko, duk hayar da za a biya mu nemi rasit da sunan mai biya da lambar gida.

Ni dai na raka Baba ya yi tasa. Da aka tambaye shi tun yaushe yake Agege, sai ya ce wa yarinyar da ke rubutu, "Tun ba a haife ki ba."

Allah ya ba mu zama lafiya da maƙwabtanmu.