A Mayar wa Yaran Makarantar Gwamnati Juma'arsu

Sau biyu a shekara 'yan uwanmu da ke zaune a Amurka da Ingila suke taɓa agogonsu. A watan Maris a tura shi gaba da awa ɗaya, idan sanyi ya kawo jiki a dawo da shi baya. Duk mai ɗa ko ƙane a can ya san zancen, don lokacin da aka saba gaisawa ta waya sai ya goce. Yanzu mutanen can sun gaji da wannan kai-komo, ana ta muhawara ko a bar agogon a gaban har abada don yamma ta riƙa yin tsawo. Wani zai ce ina ruwan mutumin Kawo ko na Unguwar Rimi da rigimar agogon Turawa. Akwai ruwansa, domin mu ma an taɓa mana lokaci da sanarwar gwamnati, kuma waɗanda abin ya faɗo wa a kai a nan su ne waɗanda ya faɗo wa a can, wato 'yan makaranta.

Jamus ce ta fara tura agogo gaba a 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, don ta rage ƙona kwal. A can arewacin duniya rana kan fito tun mutane na tsakiyar barci a lokacin zafi, sai aka ga gara a matso da agogo a ci moriyar hasken da yamma. Amma da sanyi ya shigo wuni gajere ne, awar da aka ƙara wa yamma daga safiya ake yanko ta. Amurka ta gwada barin agogon a gaba dindindin daga Janairun 1974, lokacin da man fetur ya yi wuya. Yara suka riƙa fita makaranta cikin duhu da tocila a hannu, aka samu labarin motoci sun kaɗe wasu a jihar Florida, iyaye suka tayar da ƙayar baya. Kafin watan Oktoba ya ƙare an dawo da agogon inda yake. Rasha ta yi irin wannan gwaji a 2011, ta janye a 2014. Maroko ta tsayar da nata a gaba a Oktoban 2018, ɗalibai suka fito zanga-zanga, aka kuma riƙa dawo da shi baya duk azumi, a sake tura shi bayan an sha ruwa. Duk da wannan, a Maris ɗin 2022 Majalisar Dattawan Amurka ta sake amincewa da ƙudurin dauwamar da shi, sai dai ya maƙale a Majalisar Wakilai. Mu dai a ganinmu gara da ya maƙale. Doka ba ta ƙara wa wuni ko minti ɗaya, iyakarta ta ɗauke sa'a daga hannun wani ta miƙa wa wani.

Kaduna ba ta da wannan matsala ta gajeren wuni. Tsakanin wuninmu mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba. A watan Janairu rana kan fito mana wajen bakwai saura, da za a tura agogo gaba da sai takwas saura, yaro ya kama hanyar makaranta cikin duhu da hazo da sanyin hunturu. Babu wanda ya kawo mana wannan, mun gode Allah. Abin da aka kawo mana ɗan uwansa ne na jini.

Daga 1 ga Disamban 2021 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta mayar da aikin ofis daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma, ta ce ma'aikata su zauna gida ranar Juma'a su yi aiki daga can, a matsayin matakin komawa aikin kwana huɗu a mako. Hujjar da aka bayar ita ce aiki zai ƙara inganci, ma'aikaci zai samu lokacin hutu da na iyali da na gona, kuma zaman kullen korona ya nuna ana iya aiki daga gida. Sanarwar farko ta cire makarantu da asibitoci. Ba a yi nisa ba, a Janairun 2022, aka umarci makarantun gwamnati su ma su koma kwana huɗu, a tsawaita sa'o'in karatu a sauran ranakun. Gwamnatin ta sauka a Mayun 2023 ta bar tsarin a bayanta.

A yi lissafi a gani. Zangon karatu uku ne a shekara, kowanne mako 12 ko 13. Ke nan Juma'a sama da 35 a shekara, a shekara shida na firamare kuwa kwana sama da 200, fiye da shekarar karatu guda cur. Kuma waɗannan yara su ne aka rufe wa makaranta watanni a 2020 saboda korona, aka sake rufewa na wani lokaci a 2021 saboda satar ɗalibai. Yaron da ke bin bashin karatu shi aka ga ya dace a rage wa kwana.

Masu kare tsarin sukan ce ai ba a rage komai ba, an tattara sa'o'in Juma'a an zuba su cikin Litinin zuwa Alhamis. Wannan ita ce dabarar masu tura agogo gaba, a yanko can a liƙa nan a ce lissafi ya cika. A takarda ya cika. Amma kan yaro ba buhu ba ne da za a ɗura masa na kwana biyar a kwana huɗu. Ɗan shekara takwas da ya fito daga Badarawa ko Hayin Banki da kokon naira ɗari a ciki, me zai fahimta bayan azahar a zafin Maris da Afrilu, a ajin da ya cika maƙil ba fanka? Duk malamin aji ya san darasin ƙarfe tara na safe da na ƙarfe biyu na rana ba ɗaya ba ne. Ga kuma Islamiyya da ke jiran yaron da la'asar. Idan an tashi boko a makare, ko dai ya je a gajiye ko ya fasa zuwa, an yi asarar biyu ke nan.

Wasu kuma su ce dama Juma'a rabin wuni ce, ana tashi da wuri don masallaci. Haka ne, amma rabin wunin safiya ce, kuma safiya ita ce lokacin da kan yaro ke ɗaukar karatu. Ita aka ɗauke. A kuma tambayi ina yaron yake zuwa a wannan safiyar. Uban da ke da shago a Kasuwar Gumi ko yake tuƙa Keke Napep ba a ba shi hutun Juma'a ba, uwar da ke sana'a ba ta rufe ba. Yarinya sai a ɗora mata farantin talla, yaro ya shiga yawon unguwa ko gidan kallo. Umarnin kuwa bai hau kan makarantun kuɗi ba, kuma a can 'ya'yan masu hali suke. Ranar jarrabawar WAEC da NECO takarda ɗaya za a miƙa wa mai kwana huɗu da mai kwana biyar.

Ba mu da ja da ma'aikacin sakatariya da ke kan titin Independence. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya zama abin da ya zama, kwana ɗaya da bai fita ba sauƙi ne a gare shi, kuma fayil yana iya jiran Litinin. Malaman makaranta ma sun ɗanɗana wannan sauƙi, ba ma ganin laifinsu idan suna so ya ɗore. Amma idan albashin malami bai kai shi aiki kwana biyar ba, maganin shi ne a ƙara masa kuɗin mota. Biyan malami da ranar karatun yaro zalunci ne a kan wanda ba shi da ƙungiya kuma ba ya jefa ƙuri'a.

Abin da muke nema a fili yake. Makarantun gwamnati su yi kwana biyar, a dawo da lokacin tashi yadda yake a da. 'Yan majalisarmu da ke zama a Lugard Hall su rubuta adadin kwanakin karatu cikin doka, yadda ba wani gwamna da zai sake taɓa shi da sanarwa kawai. Ma'aikatar Ilimi ta fito da sakamakon jarrabawar makarantun gwamnati na kafin 2022 da na bayanta, kowa ya gani ya yi wa kansa alƙalanci. Iyaye kuma mu daina zuwa taron PTA don sauraron kuɗin da aka yanka mana kawai, mu tashi mu yi maganar Juma'a.

Amurkawa cikin wata goma suka ga halin da yaransu suka shiga, suka dawo da agogonsu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.