Abin Da Na Zaci Na Sani Game Da Taron Nisiya

Yau da tona wa kaina asiri zan fara.

A watan jiya muna kicin ɗin gidan ɗalibai ni da wata abokiyar karatuna, Bamisriya ce Kirista daga cikin Ƙibɗawa. Ina dafa taliya, tana yanka albasa. Hira ta gangaro kan addini, sai na ce mata, da ƙarfin gwiwata kuwa, ai kowa ya san a taron Nisiya ne Sarki Kustantin ya zaɓi littattafan da za su shiga Baibul, ya ƙone sauran. Ta ajiye wuƙar ta dube ni ta ce, "Ukhti, a wane littafi kika karanta wannan?" Na buɗe baki na rasa abin cewa. Ban karanta a ko'ina ba. A bidiyoyin muhawarar nan da ake turowa ta WhatsApp na ji, na haddace. Ga ni ɗalibar tarihi, wadda kullum ake ja wa kunne kada ta faɗi magana sai ta ga tushenta. Kunya ce ta zaunar da ni ɗakin karatu mako biyu, ga kuma abin da na samo.

Rigimar a Afirka ta tashi, a birnin Iskandariya, wajen shekarar 318. Wani limamin coci mai suna Ariyus ya riƙa koyar da cewa Uba shi kaɗai ne marar farko, Ɗa kuwa yana da mafari, domin Uba ne ya samar da shi. Bishop ɗin birnin, Iskandar, ya ce sam, Ɗa yana tare da Uba tun fil azal. Aka kori Ariyus, shi kuma ya sami magoya baya cikin bishop-bishop na Falasɗinu da yankin da yake Turkiyya a yau. Har waƙoƙi ya tsara don talakawa su riƙe koyarwarsa. Kafin a farga, gardamar malamai ta zama ta kasuwa.

Kustantin bai daɗe da haɗe Daular Rum a hannunsa ba, a 324, kuma ba ya son sabuwar ɓaraka. Da farko wasiƙa ya aika wa mutanen biyu yana nuna musu cewa abin da suke jayayya a kai bai taka kara ya karya ba. Da hakan bai yi aiki ba, sai ya kira bishop-bishop taro a 325 a garin Nisiya, wanda yanzu ake kira Iznik. Al'adar coci ta ce mutum 318 ne suka halarta, masana tarihi da dama na ganin ba su kai haka ba. Taron ya fitar da bayanin bangaskiya mai ɗauke da kalmar Girkanci homoousios, wato Ɗa da Uba zatinsu ɗaya. Bishop biyu daga Libiya suka ƙi sa hannu, aka kore su tare da Ariyus. An kuma tattauna ranar bikin Ista, aka kafa dokoki 20 na tafiyar da coci.

A cikin duk abin da ya rage na takardun taron, babu inda aka yi maganar waɗanne littattafai ne za su shiga Baibul. Linjila huɗu sun riga sun karɓu tun kafin nan: Bishop Iraniyus na Liyon ya kare su a rubuce wajen shekarar 180. Jerin littattafai 27 na Sabon Alkawari kamar yadda suke yau ya fito ne a wata wasiƙar Atanasiyus, bishop ɗin Iskandariya, a 367. Ƙone littattafai kuwa an yi, amma rubuce-rubucen Ariyus ne sarki ya ba da umarni a ƙone. Ina jin daga nan labarin da na haddace ya samo ƙafa.

Akwai kuskure na biyu da na daɗe ina ɗauke da shi, kuma na san ba ni kaɗai ba ce. Na ɗauka Ariyus mai tauhidi ne irin namu, wanda ya ɗauki Annabi Isa, alaihis salam, a matsayin manzo ɗan Adam kawai. Ba haka yake ba. Ariyus yana kiran Almasihu Ɗan Allah, ya yarda ya wanzu tun kafin a halicci duniya, kuma ta wurinsa aka halicci komai. Saɓaninsa da abokan hamayyarsa a kan matsayin Ɗa ne a gaban Uba. Duk ɓangarorin biyu Kiristoci ne masu kafa hujja da nassoshi iri ɗaya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ya biyo baya. Taron bai kashe wutar ba. Cikin 'yan shekaru sarki ya sauya ra'ayi, aka dawo da Ariyus daga gudun hijira. Atanasiyus, babban mai kare matsayar Nisiya, sau biyar ana korarsa daga kujerarsa. Shi kansa Kustantin, da zai mutu a 337, bishop ɗin da ya yi masa baftisma, Yusibiyus na Nikomidiya, tsohon abokin Ariyus ne. Wasu suka fito da kalmar tsaka-tsaki, homoiousios, wato zati mai kama da juna, harafi ɗaya tak ya raba ta da ta farko. Sai a taron Kustantiniya na 381, zamanin Sarki Tiyodosiyus, matsayar Nisiya ta tabbata a daular.

Abokiyata ta ce nata tarihin ma yana gaba. A taron Kalsidon na 451 aka yanke cewa Almasihu mutum ɗaya ne mai ɗabi'a biyu, ta allahntaka da ta ɗan Adam. Cocin Masar ta ƙi wannan lafazi, aka tsige shugabanta Diyoskoros. Daga nan hanyar Ƙibɗawa da cocin Habasha da Armeniyawa da wani sashe na Kiristocin Sham ta rabu da ta Rum, har yau. Sarakunan Rum sun matsa musu ƙwarai. Lokacin da Amru bin Asi ya ci Masar wajen 641, shugaban Ƙibɗawa, Binyamin, ya yi shekaru yana ɓoye daga hannun 'yan uwansa Kiristoci, sai bayan nan ya koma kujerarsa. A 1973 ne Fafaroma Paul na shida da Baba Shenuda na uku suka sa hannu kan wata sanarwa ta bai ɗaya game da Almasihu, bayan fiye da shekara 1,500.

Ina karanta wannan sai na tuna da namu tarihin. A 833 Halifa Ma'amun ya tilasta wa malamai su ce Alƙur'ani halitta ne. Imam Ahmad bin Hanbal ya ƙi, aka ɗaure shi, aka yi masa bulala a zamanin Mu'utasim, sai da Mutawakkil ya hau aka daina. Ban ce aƙidojin ɗaya ne ba. Abin da na gani dai, duk inda fada ta sa hannu cikin gardamar malamai, wanda yake da gaskiya a idon hukuma yau yana iya kwana a kurkuku gobe.

Mu da ke zaune a ƙasashen waje kullum muna cikin irin wannan hira, a aji, a wurin aiki, a cikin bas. Muna jin zafi idan wani ya ɗauko ƙarya a intanet ya jingina wa Musulunci. To, abokiyata ma haka ta ji a daren nan, ta dai danne ne don zumunci. Karatun nan bai taɓa imanina ba ko kaɗan. Abin da ya rage mini shi ne saurin baki.

Na koma na ba ta haƙuri. Ta yi dariya ta ce an yafe, da sharaɗin ranar Lahadi ni zan yanka albasa.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.