Sarƙar Babur Da Ta Ƙare Ba A Yanke Ta

'Yan'uwa manoma, a wannan wata zan bar zancen iri da taki, in yi magana a kan sarƙar babur, wadda makanikai su ke kira cen. Babur shi ke kai mana taki gona, shi ke kai masara kasuwa, shi ne kuma motar asibitinmu in naƙuda ta kama mace da tsakar dare. Amma in ka duƙa ka dubi sarƙar yawancin baburanmu, sai ka tarar ta bushe ta yi ja, tana reto kamar igiyar shanya.

Ga ra'ayina a fili: sarƙar da ta ƙare ba a yanke ta. Sake ta a ke yi, tare da farantanta biyu masu haƙora, ƙaramin da ke jikin inji da babban da ke ƙafar baya.

Da jikina na koyi wannan. Wata damina sarƙata ta saki har wurin ɗaurewa ya ƙure. Wani mai gyara ya ce in kawo ya cire gaɓa biyu, ta koma daidai. Na yi murna da araha. Ba a yi wata guda ba, ina hawan tudu da buhun taki a baya, sai ta tsinke, ta fasa murfin inji, mai ya tsiyaye. Manoman da ke jirana suka gaji suka watse, kuɗin gyara kuwa ya ninka na sabuwar sarƙa. Lalle araha ba ta ado.

Dalili kuwa shi ne, sarƙa ba miƙewa ta ke yi kamar roba ba. Ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓinta ne su ke cinyewa, sai tsakanin kowace gaɓa da 'yar'uwarta ya ƙaru. In ka cire gaɓa biyu, tsawon ka rage kawai, sauran gaɓoɓin suna nan da ciwonsu. Za su riƙa hawa kan haƙora suna cinsu, har haƙoran su lanƙwashe kamar lauje. Irin waɗannan haƙora kuwa, ko sabuwar sarƙa ka ɗora musu, nan da nan za su lalata ta. Shi ya sa na ce a sake ukun tare.

Yaya za ka san ta ƙare? Kashe inji. Kama sarƙar ta can bayan babban faranti ka jawo ta. In ta ɗaga har ka ga rabin haƙori, to, ta gama aiki. Mai abin awo ya miƙe sarƙar ya auna gaɓa 20. A sabuwar sarƙa mai lamba 428, inci 10 ne cif, watau milimita 254. In ya kai wajen 259, a nemi wata.

Wajen saye kada ka ce wa mai kanti, "Ba ni cen ɗin babur," ka tsaya nan. Akwai lamba a jikin gaɓoɓin, 420, ko 428, ko 520. Lambar farko ita ke nuna tsakanin ƙusa da ƙusa: 4 rabin inci ne, 5 kuwa ya ɗara haka. Sauran biyun faɗin sarƙar su ke nunawa. Yawancin babura irin Honda CG125 428 su ke ci. Ita 420 ta fi ta ƙunci, ba ta zama a kan haƙoran 428. Ka ƙirga gaɓoɓin da aka yi babur ɗin da su, har da mahaɗin, ka rubuta. In sabuwar ta zo da tsawo, a rage ta zuwa wannan lissafi. Wannan kaɗai ne yankan da na yarda da shi.

Wajen ɗaurawa a kula da abu uku. Na ɗaya, ɗan makullin mahaɗi, gefensa da ke rufe shi zai fuskanci inda sarƙa ta ke tafiya. In an juya shi, wata rana zai fice. Na biyu, a daidaita alamun da ke gefen dama da na hagu na ƙafar baya, don kada taya ta karkace, sa'an nan a sake duba birkin baya. Na uku, kada a ɗaure ta tamau. A tsakiyar layin ƙasa ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar inci guda, watau milimita 20 zuwa 30, sai dai in littafin babur ɗin ya faɗi wani abu dabam. Kaya in sun danne babur sarƙa ta kan ƙara tsauri, mai tsauri kuwa boris ta ke ci.

Sai zancen mai. A wanke sarƙa da kananzir da tsohon buroshi, ba da fetur ba. In ta bushe a ɗiga mata man giya mai lamba 80 ko 90 ta cikin layin ƙasa, ana juya taya da hannu, a goge abin da ya yi yawa. Kada a yi wannan aiki inji na tafiya, yatsu da yawa sun tafi ta nan. A yi haka bayan kowace tafiyar kilomita 500, da duk ranar da aka ratsa rafi ko taɓo. Baƙin mai da aka juye daga inji yana ɗauke da garin ƙarfe. Giris mai kauri kuma yashi ya ke kamawa a lokacin hunturu, ya zama dutsen wasa wuƙa. Murfin sarƙar nan da samari ke cirewa don ado, a mayar da shi.

Na san wani zai ce, "Malam, ina kuɗin abu uku a watan Yuli, rumbu ya yi ƙasa?" Gaskiyarsa. To, ai don haka mu ke da ƙungiya. A taronku mai zuwa ku yanke shawara, duk wanda ya ɗauki babur ɗin ƙungiya ya jefa wani abu a asusun gyara. Ku naɗa mutum ɗaya da zai riƙa duba sarƙar ran Asabar, ya rubuta a littafi. Ku sayi ukun da kaka, lokacin da akwai kuɗi a hannu, ku ajiye wurin ma'aji. Sarƙa ba ta zaɓen ranar tsinkewa, mai yiwuwa ne ranar matarka ce a baya.