Wu Yi da kirarin da ke rufe baki

Duk sadda aka tada zancen mata da mulki a fadar hira, sai wani ya yi wuf ya ce: "Ku dubi ƙasar Sin, can ba ruwansu da mace ko namiji, aiki suke dubawa." In kuma ya ɗan yi karatu, sai ya jefo sunan Wu Yi. To ƴan'uwa, mu ɗauki Wu Yi ɗin da kanta mu auna zancen.

An haife ta a Wuhan a 1938. Ta karanci aikin man fetur a Bejin, ta gama a 1962, ta fara aiki a matatar Lanzhou, irin aikin da ƴan Damagaram suka sani tun da aka buɗe SORAZ a 2011. Sama da shekara ashirin tana cikin warin mai kafin ta zama mataimakiyar magajin garin Bejin a 1988. A 1993 ta zama ministar cinikin waje, ta zauna da Amurkawa ana ja-in-ja kan satar fasaha, tana cikin waɗanda suka share wa Sin hanyar shiga ƙungiyar cinikayya ta duniya a 2001. A 2002 ta shiga ofishin siyasa na jam'iyya, ita kaɗai mace. A 2003 ta zama mataimakiyar firaminista. Ba mai hankalin da zai ce matar nan ba gwana ba ce.

Amma ku lura da lokacin da ake kiran ta. A watan Afrilu na 2003, cutar SARS ta bazu, hukuma ta yi ta rufa-rufa har asiri ya tonu. Aka tuɓe ministan lafiya da magajin garin Bejin, aka miƙa mata ma'aikatar. A 2007 kuma, da aka yi ta mayar wa Sin kayan wasan yara masu fenti mai dalma, sunan kayanta ya ɓaci a kasuwannin duniya, ita aka ɗora a kan kwamitin gyara. Maza su kunna gobara, a aiko mace da guga. Haka aka yi wa Sun Chunlan a 2020: ita aka tura Wuhan ta zauna cikin korona.

To ina ake yanke magana a ƙasar? A zaunannen kwamitin ofishin siyasa, mutum tara a zamanin Wu Yi, bakwai a yanzu. Tun 1949 da jam'iyyar kwaminis ta karɓi mulki, mace ba ta taɓa zama a ɗakin nan ba. Ko ɗaya. Mujallar Forbes ta sa Wu Yi ta biyu a matan duniya wajen ƙarfin iko har sau uku, amma a gidansu ƙofar ƙarshe ba ta buɗe mata ba. Ta ajiye aiki a 2008, ta bar komai. Liu Yandong ta biyo, Sun Chunlan ta biyo, duka a matakin nan suka tsaya. A babban taron 2022 kuwa, an naɗa ofishin siyasa na mutum 24, babu kallabi ko guda. In aiki ake dubawa, a cikin mutane sama da biliyan ɗaya an rasa mace ɗaya mai aiki kenan?

Mu da muke karatun harshe, aikinmu mu saurari abin da kalma ke ɓoyewa. Jaridu sun yi wa Wu Yi laƙabi da mace mai zuciyar ƙarfe. Mu ma muna da namu: "mace mai kamar maza", "kallabi tsakanin rawuna". Kirari ne mai daɗin ji, amma ku tone shi. Yana cewa gwaninta kayan maza ce, wannan ta aro ne. Yana yabon ɗaya don ya sallami saura. Da zarar an ce "ai ga wance can", an rufe bakin mai tambayar ina dubun da suka rage.

Wani zai ce ai Turawan Yamma ma haka suke, Amurka ba ta taɓa yin shugaba mace ba. Gaskiya ne, kuma laifin wani ba ya wanke na wani. Wani ya ce a hankali ake yi. Daga mace ɗaya a 2002 zuwa biyu a 2012, zuwa babu a 2022, wannan tafiyar gaba ce ko ta kura?

Abin da ya sa na damu: mai kawo misalin Wu Yi a hira, shi ne gobe in za a zaɓi shugabannin ƙungiyar ɗalibai zai ce a ba ƴar'uwa kujerar harkokin mata, ko ajiyar kuɗi, tunda "mata sun fi amana". In rikici ya taso ita za a tura ta lallashi kowa. In an zo sa hannu, a ce ta jira waje.

Ku koyi naci daga Wu Yi, ya cancanta a koya. Amma ƴar'uwa, in an miƙo miki guga, karɓi, sannan ki tambayi wa ke riƙe da makullin ɗakin.