Kuna gadin ƙofa, ɓarawo yana ɗaka

1/ Yau sai na faɗa, mai jin haushi ya ji. Ku 'yan'uwana masu haɗa wa mutane shafin intanet da sabar imel, da yawanku kuna karɓar kuɗi kuna barin aiki rabi.

2/ Makon jiya wata makaranta kusa da mu a Ƙofar Kibo ta kira ni. Sun tura wa iyaye saƙon biyan kuɗin jarrabawa, Gmail ya ƙi karɓa. Wa'adi ya kusa cika, iyaye ba su da labari.

3/ Na shiga sabar, na buga mailq. Wallahi saƙonnin damfara ne jibge, duk da sunan makarantar. Adireshin sabar har ya shiga baƙin littafin Spamhaus.

4/ Wanda ya haɗa musu yana ta rantsuwa wai ya kulle komai a Postfix. E, ya rubuta smtpd_recipient_restrictions. To malam, wannan dokar saƙon da ya shigo ta SMTP kawai take tarewa.

5/ Saƙon da aka ƙirƙira a cikin na'urar, kamar na mail() ɗin PHP, ta sendmail yake bi ya faɗa layi kai tsaye. Ba ya ko gaisawa da mai gadin. An kutsa wani tsohon plugin na WordPress, shi ke nan. Da ɗan gari akan ci gari.

6/ Gyaran ba wuya. authorized_submit_users a buɗe yake zuwa, kowa na iya turawa. Cire www-data daga ciki.

7/ Ka duba mynetworks. In 127.0.0.1 na nan kuma ka bar permit_mynetworks, ɓarawon zai zagayo ta nan. Shafin ya riƙa turawa ta 587 da suna da kalmar sirri. Ka kuma hana www-data fita ta 25 da iptables.

8/ Tun Fabrairun 2024 Gmail ke neman SPF ko DKIM daga duk mai turo saƙo. In kana sa hannun DKIM da milter, kar ka manta non_smtpd_milters, in ba haka ba saƙon cikin gida zai fita ba hannu.

9/ Wani zai ce "ai ƙaramar makaranta ce, wa zai kula?" Ɗan damfara bai san girmanka ba, sabar da ba ta da baƙin suna yake nema. Kuma ranar da abin ya ɓaci, yaran mutane ne za su rasa jarrabawa, ba kai ba.

10/ In ba ka iya ba, ka tambaya, ba abin kunya ba ne. Yau ɗin nan je ka buga mailq ka gani.