Shuɗin Alminiyam Ba Ya Cin Tsere

Motar tseren Formula mai rimot, wadda ake ƙerawa a kan kashi ɗaya cikin goma na girman ta gaske, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, nauyinta kilo ɗaya da 'yan kai, kuma a yawancin gasanni ba a yarda faɗinta ya haura milimita 190 ba. Duk da ƙanƙantar nan tata, ba abin mamaki ba ne a tarar kuɗin da mai ita ya zuba wajen sauya mata sassa ya zarce kuɗin da ya saye ta. Kaso mai tsoka na wannan kuɗi asara ne. Asarar kuma ba ta tsaya ga aljihun mai motar kaɗai ba, domin ita ce ke korar sabbin shiga daga fagen tun kafin su ɗanɗani daɗinsa.

Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan, wanda ya fara fitar da motocin rimot a 1976, shi ya yaɗa wannan nau'i a duniya da samfurin F103 a farkon shekarun 1990, sannan F104 a 2009. Shi ne kuma ya ƙware wajen sayar da kayan ƙari: kusan duk sashen roba da ke cikin kwali yana da takwaransa na alminiyam mai shuɗin launi, ko na kabon, a cikin wata 'yar leda dabam da farashinta dabam. Kayan suna da kyan gani, wannan babu musu. Abin tambaya shi ne ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu.

Amsar tana cikin ƙirar motar. Tayoyin baya kaɗai ke tura ta. Injin lantarkin yana zaune ne a wani ɗan keji a baya, ƙaramin giyarsa na cizon babban giyar da ke kan sandar tayoyin kai tsaye, babu bel, babu akwatin giya. Kejin kansa yana haɗe da gangar motar ta wata gaɓa mai lanƙwasa, a tsofaffin samfura wani ɗan faranti mai siffar harafin T, kuma a wannan gaɓa ne kusan dukkan halin motar yake. A gaba, ƙananan sifirin biyu ne ke ɗauke da tayoyi. Mota mai sauƙin gini irin wannan ba ta ɓoye aibi. Idan ɓangare ɗaya na gaɓar ya fi ɗaya ɗauri, ko da da rubu'in juyin noti ne, tayar baya ɗaya za ta fi 'yar'uwarta danne ƙasa, sai motar ta riƙa shan kwanar dama lafiya lau, ta hagu kuwa ta juya da gindi da zarar an ba ta wuta. Mai motar da bai san wannan ba zai zargi roba, ya sayo alminiyam, ya ɗaure shi a karkace kamar yadda ya ɗaure na farko, ya koma fage da matsalarsa, sai dai yanzu tana sheƙi.

Haka lamarin yake ga na'urar da ke raba gudu tsakanin tayoyin baya a kwana, wadda a yawancin waɗannan motoci ƙananan ƙwallayen ƙarfe ne da aka matse tsakanin zobba biyu. In ta yi sako-sako, sai ta zame lokacin tashi, ƙarfin injin ya tafi a banza. In ta yi tsauri, motar ta ƙi juyawa cikin ladabi. Gyaranta bai wuce wankewa, shafa giris da ɗaure noti daidai ba. Tsayin motar daga ƙasa, wanda ba ya wuce 'yan milimita, da kaurin man da ke rage girgizar kejin baya, da ɗan kishingiɗar tayoyin gaba da ake aunawa da digiri ɗaya ko makamancin haka, duk aikin haƙuri ne da ma'auni, kuɗinsu kuwa ƙalilan.

Lissafin giya ma haka. Tun da injin na juya sandar baya kai tsaye, masu tsere suna auna nisan da mota ke ci a duk juyi ɗaya na inji. A ɗauka faɗin taya milimita 60 ne, kewayenta zai kai kimanin 188. In babban giya na da haƙora 96, ƙarami na da 32, to juyi ɗaya na inji zai kai motar kusan milimita 63. Tayar soso kuwa tana cinyewa. Ranar da ta dawo milimita 56, nisan ya sauka zuwa ƙasa da 59, motar ta yi asarar kusan kashi bakwai cikin ɗari na gudunta a miƙaƙƙen layi, ta kuma ƙara kusantar ƙasa, alhali mai ita bai taɓa komai ba. Wanda ya san lissafin zai ƙara haƙori biyu a ƙaramin giya, ya taɓa injin bayan tsere ya ji ko ya yi zafi fiye da kima. Wanda bai sani ba zai tafi neman sabon inji.

Masu kare sayen kaya suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Akwai sassan da ke biyan kuɗinsu nan take. Sauya bushin roba ko na tagulla da boris yana rage gogayya, motar ta ƙara gudu, batir ya ƙara jimawa. Na'urar juya sitiyari mai sauri, wadda ke komawa tsakiya daidai a kowane lokaci, tana sauya yadda hannu ke jin motar. Taya kuwa ita ce uwa uba: wadda ta dace da kafet ba lalle ta dace da kwalta ba, kuma babu saitin da zai ceci motar da ke kan tayar da ba ta kama ƙasa. Haka nan kejin inji na alminiyam yana taimakawa wajen fitar da zafi, kuma ba ya lanƙwashewa kamar roba. Gwanin da ke neman kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a kan motar Xray ta Sulobakiya ko Yokomo ta Japan yana da dalilin kula da kowane giram. Sai dai shi ya riga ya iya zagaya fage sau ashirin ba tare da lokutansa sun bambanta sosai ba, don haka in ya sauya abu yana iya ganin tasirinsa a agogo.

Sabon shiga ba shi da wannan madubi. A tseren minti biyar, in sabon sashe ya rage masa kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a kowane zagaye, a zagaye ashirin ya samu daƙiƙa biyu ke nan. Kifewa ɗaya a kwana, da jiran mai tsaron fage ya rugo ya tayar da motar, ta isa ta cinye ribar har da uwar kuɗi. Abin da ya fi masa amfani shi ne ƙarin batir don ya yawaita atisaye, da littafin da zai riƙa rubuta duk abin da ya sauya, abu ɗaya a lokaci ɗaya, tare da lokacin da na'urar ƙidayar zagaye ta nuna. Mai sauya abu uku a zama ɗaya, ko motar ta gyaru, bai san wanne zai gode wa ba.

Nauyin bai rataya a wuyan ɗaiɗaikun mutane kaɗai ba; kulob-kulob ɗin da ke shirya tsere su ma suna da nasu kason. Dokar da ta ƙayyade ƙarfin inji, mai naɗin waya 21.5 a yawancin gasannin Turai, 25.5 a wurare da dama a Amurka, da batir mai ɗaki biyu, da haramta dabarun ƙara wa inji gudu ta na'urar sarrafa wuta, ita ce ta sa ajin Formula ya zama wurin da mai tsohuwar mota ke iya kayar da mai sabuwa. Kamata ya yi a ƙara matse dokar, a tilasta taya iri ɗaya, a ƙayyade yawan da mutum zai yi amfani da su a rana, domin a nan ne mai kuɗi ke sayen nasara a yau. Manyan ma sun bi wannan hanya: a 2021 gasar Formula 1 ta ɗora wa ƙungiyoyinta iyakar kashe dala miliyan 145 a shekara, kuma da Red Bull ta ƙetare iyakar, an ci ta tarar dala miliyan 7, aka kuma rage mata lokacin gwajin iska. Kulob ɗin da ke haya a ɗakin wasanni ranar Lahadi ba ya bukatar masu binciken kuɗi don yin irin wannan. Sikeli, ma'aunin faɗi da alƙalamin sa wa tayoyi alama a teburin duba motoci sun wadatar.