HAWAN DAJI DA BABURA: MAGANAR DA 'YAN MAKARANTARMU BA SA SON JI

Yau zan taɓo 'yan gaban goshi, kuma na san abin da zai biyo baya. Za a ce hassada ce, za a ce don ba ni da mashin ne, za a ce tsoro gare ni kamar farar kura. Duk na ji, na kuma yafe tun kafin a faɗa. Amma maganar sai ta fito. Wannan hawan daji da wasu 'yan makarantarmu suka mayar da shi ado duk ranar Asabar ganganci ne, kuma rainin wayo ne ga mutanen da ba su ci mana ba, ba su sha mana ba.

Ga wanda bai san zancen ba, ga yadda abin yake. Da sassafe ake haɗuwa a bakin titin Abuja zuwa Keffi, nan Masaka, babur goma sha biyar, wani lokacin ya haura ashirin. A sha mai, a ɗau hoto, sai a saki kwalta a faɗa hanyoyin ƙauyukan da ke bayan Masaka da Kuchikau da Auta Balefi. An naɗe fuska da ƙyalle wai saboda ƙura, an ƙwama baƙin gilashi, wasu sun huda salansa don ƙara ta fito sosai. A keta gona, a tsallaka rafi, a hau tudu a gangaro. Da yamma a cika mana waya da bidiyo, an ɗora kiɗa a kai, 'yan aji ana ta zuba yabo.

To ni tambayata ɗaya ce, kuma ita ce dalilin rubutun nan gaba ɗaya. Fisabilillahi, a Najeriyar yau, idan mutumin ƙauye yana tsakar gidansa ya jiyo rugugin babura ashirin daga daji, ya leƙo ya ga samari fuska a rufe, goyon bibbiyu, me kuke so zuciyarsa ta raya masa? Cewa ɗaliban jami'a ne suka fito shan iska?

Kowa ya san amsar. Shekara da shekaru ke nan da ayarin babura ya zama alamar mutuwa a karkarar Arewa. A kan babura aka je Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 aka kwashe yara 'yan makaranta sama da 300. A kan babura ake shiga ƙauyukan Zamfara da Katsina da Neja da Kaduna. Kuma nan kewayen Abuja ma ba wanda zai ce bai ji labarin satar mutane ba. Wasu daga cikin masu sayar mana da shayi da masu yi mana faci a Masaka, wannan ƙarar ce ta raba su da garuruwansu. Ku kuma kun ɗauke ta kun mayar abin nishaɗi.

Ni a Masaka nake zaune, daga nan nake shiga makaranta. Akwai wata dattijuwa Bagwariya da muke sayen doya a wurinta tun ina sakandare. Kwanaki na ga ƙafarta a ɗaure, na ce, "Mama, lafiya? Me ya same ki?" Ta ce, "Ɗana, gudu na yi. Mun ji mashina sun cika gari, muka kwashi yara muka faɗa cikin rogo. Sai da rana ta yi tsaka aka ce mana wai 'yan makaranta ne ke wasa." Wallahi ban iya ce mata makarantarmu ɗaya da su ba. Matar da ta yi jika da mu ta kwanta rub da ciki a gona saboda wani yana son bidiyonsa ya yi kyau. Idan wannan ba zalunci ba ne, ku faɗa min sunansa.

Na san me za ku ce: "Ai ba mu taɓa kowa ba." Malam, firgita mutum ma taɓawa ce. Mai ciki da ta zabura da gudu, tsoho mai hawan jini, yaron da ya daina kwana shi kaɗai, duk ba sa fitowa a bidiyonku, amma suna nan.

Idan kuma tausayin wasu bai dame ku ba, to ku ji tausayin kanku. Yau kusan babu ƙauyen da ba shi da 'yan banga ko maharba masu bindigar toka, kuma mutanen nan a tsorace suke. Mai tsoro ba ya tsayawa neman katin makaranta. Ku tuna da ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal da aka kashe a Aluu a watan Oktoba na 2012. Ihun ɓarawo aka yi musu, shi ke nan. Ku tuna da matafiya 'yan Arewa 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, maharba ne za su gida yin Sallah, aka ce masu satar mutane ne. Duk mun yi kuka a nan Facebook, mun canza hoto, mun yi Allah wadai. To me muka koya? Zato kawai ya ishi taron jama'a su hallaka mutum, kuma ku da ƙafarku kuke kai musu duk abin da zai ƙarfafa zaton. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Ranar da wani ɗan banga zai ɗana kunama, ba zai ji Turancinku ba.

Sannan akwai waɗanda za su biya kuɗin wannan wasa alhali ko sau ɗaya ba su hau ba, wato 'yan acaɓa. Duk wanda ya san Mararaba da Ado da Masaka ya san dubban 'yan'uwanmu da suka baro gida, da Bajaj ɗaya suke ciyar da iyali a can ƙauye. Kuma mun san halin gwamnatocinmu, idan babur ya tayar da ƙura ba a tsayawa tantance na waye, dokar hani ake bugawa. A 2006 aka kori acaɓa daga tsakiyar birnin Abuja. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarkin Kano Ado Bayero, aka hana goyo a babur a Kano. A 2021 Kaduna ta hana hawan babur kwata-kwata na wata uku. A Yulin 2022, bayan fasa gidan yarin Kuje, har gwamnatin tarayya ta fito ta ce tana tunanin hana babur a ƙasar baki ɗaya. Yanzu a ce wani mai gari ya kai ƙara, a ce an ga baƙin babura na yawo a daji, a sa doka. Kai da babanka ya saya maka mashin na gayu sai ka ajiye shi a gareji ka kira mota ta waya. Shi kuma wanda ya ɗauko nasa bashi yana biya duk mako fa? Shi zai kwana da yunwa, shi za a kama, shi za a kira ɗan ta'adda saboda yarensa da rigarsa.

Mu zo kan hanyar kanta. Ku a wurinku filin wasa ce, har kuna alfahari wai mun samo wata hanya mai wuya. Wannan hanya mai wuya ita ce kaɗai hanyar wasu. Ta nan ake fito da doya da rogo da gawayi zuwa kasuwar Masaka. Ta nan ake goyo mace mai naƙuda a tsakar dare. 'Yar gadar katakon da kuke tsalle a kanta, aikin gayya ne, karo-karo aka yi aka sayi katako da ƙusa. Da damina idan taya ashirin suka bi taɓo suna juyi a wuri ɗaya, rami suke bari, ruwan sama ya bi ramin ya ci ƙasa, kafin kaka an samu kwazazzabo. Ku kun koma hostal kuna wanka, su kuma an bar su da ɗibar ƙasa a kwando.

Gona kuwa kada ma a yi magana. Wanda bai taɓa riƙe garma ba ba zai san wahalar tara tulin doya ɗaya ba, balle ɗari biyar. Irin doya da tsada, ga jiran wata da watanni kafin a ci. Na ga bidiyo da idona, wani yana bin kan kunya yana dariya, abokansa na tafi. Da a ce wani ne ya shigo da shanu ya yi haka, da tuni an kira shi da sunaye iri-iri a wannan dandali. To mene ne bambancin? Don kai kana karanta Injiniya?

Wani zai ce, "Haba, ai Turawa ma suna yi, wasa ne da duniya ta sani." Gaskiya ne, kuma na ji daɗi da kuka kawo wannan. Gasar Dakar da kuke kallo a YouTube an fara ta a ƙarshen 1978 daga birnin Paris, ta sha ratsa Nijar ta Agadas da hamadar Tenere. Suna da likitoci, da jirage masu saukar ungulu, da izinin gwamnatoci, da taswirar da aka tantance. Duk da haka motocin gasar sun kashe 'yan kallo da yaran ƙauye a Afirka, a 2006 kaɗai yara biyu suka mutu, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal. Wanda ya ƙirƙiro gasar ma, Thierry Sabine, a cikinta ya mutu a 1986 a Mali. A 2008 kuwa soke ta aka yi ɗungurungum saboda matsalar tsaro a Muritaniya, suka kwashe kayansu zuwa Kudancin Amurka, daga 2020 suka koma Saudiyya. Ka ji fa. Masu jirgi da likita sun dubi tsaro sun ja da baya. Ku da ba ku da ko bandeji a aljihu kun ce ba komai.

Kuma da me kuke hawan? Roba-roba da Boxer. Boxer an yi shi ne don ɗaukar buhu da fasinja, roba-roba kuwa na zuwa kasuwa ne a kan kwalta. Babur ɗin daji na gaske yana da doguwar shakazoba, da taya mai haƙora, da tsayi daga ƙasa, mahayinsa kuma da hular kwano mai rufe haɓa, da takalmi har ƙwauri, da kariyar gwiwa da ƙirji. Namu gwanayen da silifas da hular sanyi. Tun 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗura ta fara tilasta sa hular kwano, lokacin da wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka ana dariya. Yau ko ƙwaryar babu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29, wato mu ɗin nan. Ka faɗi ka fasa kai a inda ko sabis ɗin waya babu, wa zai ɗauko ka? A goyo ka a wani babur ɗin har bakin titi, sannan a zaɓa, ko a miƙa asibitin tarayya na Keffi, ko a shiga goslon Mararaba da Nyanya. Sai kuma a buɗe mana asusun neman taimako, a ce mu tura abin da ya sawwaƙa.

Kada wani ya juya min magana. Ban ce hawan babur haramun ba ne, ban ce matashi ya zauna a ɗaki kamar amarya ba. Mu jikokin mahaya ne, kilisa ba baƙuwarmu ba ce. Amma mahayin da ya san kansa idan ya doshi gari yakan ja linzami, ya yi sallama, ya gaida na zaune. Wannan tarbiyyar ce ta ɓace muku, ba ƙarfin inji ba.

Idan da gaske son wasan kuke, hanyar a buɗe take. Ku je da rana tsaka, a ƙafa, ku gaida mai gari, ku faɗa masa ku su waye, ku nemi izini, ku yarda idan ya ce a'a. Ku sanar da 'yan sanda da shugaban 'yan banga rana da lokaci da inda za ku bi. Ku rage yawa, babur biyar ya isa. Ku buɗe fuska idan kun doshi gidaje, ku mayar da salansa yadda kamfani ya yi ta, ku bi gari a giya ɗaya. Gona ba hanya ba ce, ko da an girbe. Wanda ba shi da hular kwano ya zauna a gida. Mafi kyau ma, kuɗin man da kuke ƙonawa tun da aka cire tallafi a 2023, ku haɗa ku nemi wani fili ko tsohon ramin da aka gama ɗibar ƙasa, da yardar mai shi, ku yi ta tsalle har Magariba. Ni da kaina zan zo kallo, har ruwa zan saya muku.

Shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai, ku ma da ku nake. Ba shirya walima da buga riga ne kawai aikinku ba. Kun san yaran nan ɗaya bayan ɗaya, wasunku ma kuna cikin ayarin. Ku kira su ku zauna tun kafin a kira ku gane gawa. 'Yan'uwa mata masu zuba musu yabo a ƙarƙashin bidiyo, don Allah ku rage, yabonku fetur ne.

Wanda ya ga na yi ƙarya a wani wuri ya nuna min, ƙofa a buɗe take, amma a zo da hujja, kada a zo da zagi. Wanda kuma yake da ƙani ko aboki a cikinsu, ya tura masa kafin Asabar. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya tsare mu, Ya mayar da mu gaban iyayenmu da takardar shaida a hannu, ba a cikin makara ba. Amin.